Ciwon Mai Haƙar Rijiya da Garin 'Ya'yan Kuka

Kai Barau, daina yatsina fuska don ka gan ni ina dama garin 'ya'yan kuka. Ja tabarma ka zauna in ba ka misali, ka ga ko abin rainawa ne.

A zamanin da muke da ƙarfi, lokacin da ake haƙa rijiya da diga da igiya, babu inji babu komai, an taɓa kai wasu mahaƙa can arewa inda gonaki suka ƙare sai rairayi, don su haƙa wa makiyaya rijiya. Kai, maza ne na gaske, Allah Ya jiƙan maza! Ana jan ƙasa ana waƙa, kowa ya san muryar ɗan'uwansa daga cikin rami. Sai dai wata huɗu cur abincinsu tuwon gero ne da gishiri da shayi, ko ganye ɗaya bai shiga bakinsu ba. A cikinsu akwai wani ƙato, shi ke sauka ƙasan rami, mutumin da ke fasa goruba da haƙori don nishaɗi. To, shi ciwo ya fara kayarwa. Dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi, in ya gatsi tuwo sai ya ga jini, haƙora suka fara girgiɗi. Wani rauni da ya warke a ƙwaurinsa tun shekara goma ya sake buɗewa. Su kuwa mahaƙa suna da al'adarsu: duk ciwon da ya kama na ƙasan rami, sai su ce mutanen ɓoye ne, an taɓa musu gida. Suka yanka baƙin bunsuru, suka tsiyaya jinin a ramin, suka turara ƙaton da hayaƙi har yana tari. Ina! Kullum jiya ta fi yau. Asibiti tafiyar kwana tara ce a kan jaki, kowa ya san ba zai kai ba. Abin tausayi, har sun fara duba wurin da ƙasa ta fi laushi don su haƙa masa kabari.

Akwai wani tsohon falke da ke kawo musu ruwa a kan jakuna. Da ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri, amma yanzu ya ranƙwafa, in ya fara labarin da can sai su yi ta tsokanarsa suna cewa Baba ya kunna rediyo. Ranar ya durƙusa, ya buɗe bakin majinyacin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wane irin aljani? Wannan ai ciwon ayari ne. Jikinsa abu mai tsami yake nema." Ya kwance jakar fatarsa ya ɗebo garin 'ya'yan kuka da tsamiya, ya dama a ƙwarya da ruwan sanyi, ya tallabi kan ƙaton yana ba shi kaɗan-kaɗan, safe da rana da yamma. Suka yi masa dariya, wai abin da bunsuru bai iya ba tsami ne zai iya. Tsohon dai ya ci gaba da ba shi. Kafin mako ya zagayo jini ya tsaya, cikin mako na uku mutumin ya miƙe da ƙafafunsa. Haƙora biyu dai sun tafi, amma rai ya tsira, kuma shi ya fara taɓo ruwa a rijiyar nan. Da ya je godiya, ya tambayi tsohon inda ya koyi wannan magani. Tsohon ya ce, "Ƙanena na binne a hanyar gishiri da wannan ciwo. Bayan kwana biyu muka isa wani zango, wata tsohuwa ta nuna mana."

Wallahi Barau, ina kewar irin waɗannan tsofaffi, sun tafi da abin da suka sani, mu kuwa muna can muna yi musu dariya. Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.