Ranar da Mardiyya ta Nemi Ƙari

"Inna, ƙaro mini tuwo," in ji Mardiyya.

Wata bakwai Hajo na bin ɗiyarta da akushi, ita kuwa tana ƙin ci don tsoron ƙiba, har ta koma ƙashi da fata. Duk garin Kamarawa ana yabon tausayin Hajo. Kullum 'yan dubiya na kawo mata nono da ƙwan zabi.

Sai yau Mardiyya ta cinye malmala guda.

Hajo ta leƙa ƙofa, ba kowa. Ta shafa fuskar ɗiyar.

"Za ni ƙaro miki. Amma kumatun nan sun fara cika fa."

Mardiyya ta ture akushin.

Hajo ta fita tsakar gida, ta fashe da kuka yadda maƙwabta za su ji.