Tabarma a Ƙarƙashin Tanki

Akwai wani mai walda a garinmu, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya ɗinke sama da ƙasa. Ya ce hasumiyar tankin ruwa arba'in ya tayar da hannunsa, daga nan har bakin iyaka, kuma kowacce, ranar da za a fara cika ta, shimfiɗa yake yi a ƙarƙashinta ya yi barcinsa har da minshari. To, mutanen wata unguwa suka haƙa rijiyar burtsatse, suka ba shi aikin ƙafafun da za su ɗauki tankinsu. Zanen kuwa wata injiniya ce ta yi, 'yar unguwar, wadda ya sani tun tana tallan gyaɗa. Ta zana ƙafafu huɗu, da ƙarafunan tokara a gicciye tsakaninsu, kowace mahaɗa da farantin ƙarfe da noti. Gogan ya dubi takarda ya ninke, ya sa a ƙarƙashin kwanon abincinsa. Ya tsayar da ƙafafu huɗu zindir, ya ɗiɗɗiga walda ta gefen da ido ke gani, ya bi da jan fenti mai sheƙi, ya ɗora tanki a kai. Tokara kuwa ya ce ado ne na 'yan boko.

Da ta zo ta gani, ta ce ruwa lita dubu goma nauyin tan goma ne, kuma doguwar ƙafa marar tokara lanƙwashewa take yi tun ba a kai ga karyewa ba, balle iska ta taso. Ta ce ba za a ɗora ruwan unguwa a kan wannan ba, sai an kwance. Ya ce wallahi ko noti ɗaya ba zai ƙara ba, ai ƙarfe ba ya karatu. Dattawa suka rasa na bi, don gemunsa ya fi nata takardun kwarjini. Sai ta ce, “To Baba, a yi yadda ka saba. Ga tabarma.” Ya karɓa yana dariya, ya shimfiɗa a tsakiyar ƙafafun, ya kishingiɗa, ya tura hula gaba. Aka tayar da injin tura ruwa zuwa tanki. Da farko yana ta ba jama'a labarin wata hasumiya da ya yi wadda giwa ta sosa baya da ita. Can sai labarin ya fara tsinkewa, saboda idonsa ya sauka a kan wata mahaɗa ta can sama, kuma duk duniya shi kaɗai ya san ɗigo biyu ne ke riƙe da ita, sauran fenti ne. Ya ce rana ta matso, ya ja tabarma kamu ɗaya. Ya ce tururuwa, ya ƙara kamu biyu. Ƙarfe ya ɗan yi ƙas, irin wanda yakan yi in rana ta gasa shi. Kafin a ƙifta ido mutumin yana bayan katangar masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa, yana cewa a janye yara, tanki ya cika ya wuce ƙa'ida.

Injiniya ta tako har inda yake, ta russuna, ta ajiye masa ɗaya takalmin. Ta ce, “Baba, ai ban buɗe famfon ba. Injin ne kawai ke kuka. Ko cokali ɗaya bai hau ba. Sauran arba'in ɗin, a wane gari suke, mu je mu janye yaransu?”

Shi ya sa Hausawa suka ce, in mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota.