Mai Kitson da Aka Yi wa Tiyata Ido Biyu

Ka ce kunya ba ta taɓa cutar da kowa ba? To gyara zama, malam, ka ji wannan. An yi wata mai kitso, mace mai baki kamar me, wadda in ta kama kan mace sai ta gama shuku ba ta haɗiye yawu ba, labari na bin labari. Rabin masu zuwa gidanta ma don hirar suke zuwa. Sai ciwon kai ya sa ta gaba, tun tana ɗaure goshi da ɗankwali har wata rana ta faɗi tana karkarwa da tsinken kitso a hannu. Ɗanta na fari ya kai ta babban asibiti, aka ɗauki hoton kanta, aka ga ƙari ya tsiro a ƙwaƙwalwa, daf da wurin da magana ke fitowa. Likitan da ya karɓe ta gwani ne, ba a ja, sai dai ba Bahaushe ba ne, a bakin marasa lafiya ya koyi Hausarsa. Ya ce mata: "Mama, zan buɗe kanki kina farke, ba za ki ji zafi ba. Ina aiki ina yi miki tambaya. Muddin kina amsawa, zan ci gaba da cirewa. In bakinki ya sarƙe, na san na taɓa gidan magana, nan zan tsaya, don kada in raba ki da harshenki." Ta yi dariya ta ce in dai surutu ne maganin, ai ta warke ta gama.

Ranar aiki aka aske mata kai ƙwal, ita da ta ƙare rayuwarta tana gyara na wasu. Aka kwantar da ita, aka tare fuskarta da mayafi, likita na bayanta yana aiki. Ya tambaye ta sunan garinsu, ta faɗa har da na unguwa. Ya tambayi irin kitson da amare ke so, ta zuba masa kamar ruwa. Ƙari yana ta fita kaɗan kaɗan, har saura wani ɗan gutsure can ciki. Likita ya ɗora ɗan tsinken lantarkin da yake gwaji da shi a gefen gutsuren, ya ce: "Ɗanki da ya kawo ki, yaya sunansa?" Wayyo! Ɗan fari ne fa, kuma sunan surukinta aka sa masa. Tun ranar suna wannan kalma ba ta taɓa ratsa haƙoranta ba, ko a ɗaki ita kaɗai, balle a gaban maza baƙi. Sunan na nan zaune daram a kan harshenta, amma ta ce: "Wannan... yaron nan... mai sunan..." Ta yi shiru. Ka san kuwa wanda aka taɓa masa gidan magana haka yake yi, ya yi ta kewaya kalma ya kasa kama ta. Likita ya ɗaga tsinke, ya tambaye ta abin da ake daka fura da shi, ta ce turmi da taɓarya. Ya mayar da tsinke wurin, ya maimaita tambayar ɗazu, don a ƙa'idar aikinsu ba a yanke hukunci da gwaji guda. Ta sake yin tsit. Ta tuna gargaɗinsa sarai, amma ta ce a ranta ai ya kwashe mai yawa, ɗan abin da ya rage Allah zai kawo sauƙi. Shi kuwa ya ajiye kayan aiki yana godiya ga Allah da ya tsaya a kan lokaci, ya rufe kai da gutsuren a ciki.

Ta koma gida, gashi ya tsiro, hira ta dawo, kowa na sa wa likita albarka. Gutsuren nan kuwa bai yi barci ba. Kafin wata damina ta zagayo ya yi jijiya, ya shiga gidan maganar da gaske, inda wuƙa ba ta isa ta bi shi ba. Da suka koma asibiti, kalmomi sun fara zube mata, ta tattara 'yan da suka rage ta ce: "Likita, ran nan bakina lafiya lau. Ɗan fari ne." Sai da ɗan ya yi masa bayanin al'adar sannan ya gane, ya dafe kai. Shi ya yi abin da iliminsa ya ce, ita ta yi abin da tarbiyyarta ta ce, ni dai har yau tausayin su biyun nake ji. Ɗan ya durƙusa gabanta yana hawaye, ya ce: "Inna, da kin faɗa, wallahi ba mai cewa kin yi rashin kunya." Ta dube shi ta buɗe baki, wannan karon da niyyar faɗin sunan, babu abin da ya fito.

Kunya ado ce, ban musa maka ba, ni ma da ita aka rene ni. Amma gaban wanda ka miƙa wa ranka ya duba, ba wurin ado ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.