Allurai a Gindin Randa

Tunda kin ce ciwon mutum nasa ne shi kaɗai, saurara ki ji misalin wata mai ɗinki. Ta daɗe a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba, kullum sai ɗinka wa 'ya'yan wasu kayan suna. Mijinta ya sayar da gonarsa ta gado, suka tafi asibitin birni neman dashen ƙwai. Likita ya ba ta alluran da za ta riƙa yi wa kanta kullum a fatar ciki, don ƙwayayenta su nuna a ɗiba. Ya ja mata kunne cewa maganin ba ya shiri da zafi, a firji ake ajiye shi. To, gidansu babu firji, ga shi ana tsakiyar bazara. Katanga ɗaya ce tsakaninta da wata mai zoɓo, wadda firjinta ke aiki da sola ba ya hutawa. Amma baiwar Allahn nan akwai zurfin ciki. Ta ce a ranta, in ta kai maganin can yau, gobe unguwa ta ɗauka, jibi a riƙa nuna ɗanta ana cewa ɗan kwalba, wato wanda aka haɗa a asibiti. Ɗan da ko cikinsa ba a samu ba, har ta fara kare shi daga bakin mutane! Sai ta naɗe kwalaben maganin a jiƙaƙƙen tsumma ta tura gindin randa, wai abin da ya sanyaya ruwa ai zai sanyaya magani. Mijin kuwa a zatonsa kwalaben suna firjin maƙwabta. Kullum ta kulle ɗaki, ta cije leɓe, ta soka wa kanta, har cikin ya yi tabo-tabo. Ba ta taɓa tsallake rana ba, wannan kam a yaba mata.

Da ta koma aka duba, ƙwai ko motsi ba su yi ba. Likita ya tambayi inda take ajiya, ta faɗa, ya ce ai zafi ya riga ya kashe maganin, ruwa kawai ta yi ta ɗura wa jikinta. Sai dai a sake daga farko, kuma babu wata gonar. Mijin bai yi faɗa ba, ya dai dawo da ita gida. Kukanta ne ya tsallaka katanga, mai zoɓo ta shigo, abin da aka ɓoye ya fito tare da hawaye. Matar ta riƙe haɓa ta ce, "Haba 'yar'uwa! Tagwayena da kike ɗinka wa kayan Salla, ta ina kike zaton suka zo? Ai a firjin nan nawa alluran suka zauna, bayan robobin zoɓo." Wallahi har yau in na tuna ta tausayi ne ke kama ni, domin ta jure zafin allura, ta kasa jure buɗe baki. Da ma Hausawa sun faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.