Takalmin da Aka Bar Dunduniyarsa

Sallau, Tabawa, kai ma Mati, ajiye wayar nan. Ku matso, muryata ba ta kai wa nesa yanzu, kuma ba zan maimaita ba.

An ce can ƙarshen arewacin duniya, inda sanyi ke daskarar da teku, akwai wani gari a gindin dutse. Cikin dutsen kakanninsu suka ɗaure wani ƙaton kyarkeci da sarƙa. In ya wage baki, muƙamuƙin ƙasa na sharar ƙasa, na sama na taɓa gajimare. Kowa ya san wata rana sarƙar za ta tsinke, kuma ba a iya kashe shi sai mutum ya taka muƙamuƙin ƙasa da ƙafa, ya kama na sama da hannu, ya yage bakin. To wace ƙafa za ta taka waɗannan fiƙoƙi? Shi ya sa suka yi al'ada: duk wanda ya yanka wa kansa takalmi, guntayen fatar da suka rage ya kai kwandon ƙofar wani baduku, shi kuma ya riƙa ɗinka su ɗaya kan ɗaya, har a sami takalmi mai kaurin da haƙori ba zai huda ba.

Shekara arba'in badukun nan na kan wannan ɗinki, kyarkeci bai zo ba. Mutane suka fara gajiya. Wannan ya yi wa jakarsa faci da guntunsa, wancan ya jefa wa kare. Shi ma baduku bayansa ya ranƙwashe, ido ya yi hazo. Ya gama gaban takalmin, kauri kamar ƙyaure, saura dunduniya. Kullum ya ɗauki basilla sai ya dubi dutsen, ya ga shiru, ya ce, "Gobe ma rana ce." Har shi kansa ya koma yin maɗaurin wando da guntayen.

Wata safiya aka ji ƙarar tsinkewar sarƙa, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Nan da nan ga mutanen gari da gudu, kowa ɗauke da fata sukutum, wasu ma a take suka yanka shanunsu, jini na ɗiga. Baduku ya dube su. Ɗanyar fata sai an jeme ta, basilla kuma huda ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Aka gwada takalmin a ƙafar kowane namiji, bai zauna wa kowa ba sai ɗan badukun, shi kaɗai ke gare shi. Saurayin ya je, ya taka, ya yage bakin dabbar, gari ya tsira. Amma fiƙa ta bi ta dunduniya, daidai inda uban ya bari, jini bai tsaya ba. Da aka kawo gawar, sai da aka ture fatu kafin a sami hanyar shiga, don tulinsu ya fi rufin ɗakin tsawo.

Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwarin da ke bayan gidan nan yana cin gindin katangar ɗakina. Babanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa dawowa daga gona ba sai da dutse ɗaya a hannu, ya jefa ciki. Tun rasuwarsa damina uku ke nan, kowannenku na jiran ɗan'uwansa. Ni na gaji da magana. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma jikokina a ɗakin suke kwana tare da ni. Kada kowa ya tashi daga tabarmar nan sai kun yanke wanda zai fara kai dutse.