Takardar Mahfuza

Karo na biyu ke nan takardar tura Mahfuza asibiti tana dawowa daga Katsina, an zagaye gurbi ɗaya da jan biro.

Naja'atu, ma'aikaciyar lafiya a Tsaskiya, ta maka ta a kan tebur. Komai ta cike, har ranar haihuwa, ba ta tambayi kowa ba. Shekara bakwai, jiki kamar na 'yar huɗu. Leɓen sama siriri, ƙasan hanci sumul babu kwarmi. Abin da aka koya wa yarinyar da safe, kafin azahar ya bi ruwa.

Amma ƙa'ida ba ta san wannan ba. Alamun fuska uku ake nema, biyu aka samu. In ba su cika ba, likitan yara ba zai karɓe ta ba sai an tabbatar uwa ta sha barasa tana da ciki. Ka ji aikin mutanen ofis! Sai ka ce a garin nan akwai macen da za ta ɗaga hannu ta ce ita ce.

Indo, yayar Naja'atu, tana zaune a benci, yarinyar ta lafe a jikinta tana kiran "Inna".

"Ni dai ko warin barasa ban taɓa ji ba, kin sani," in ji Indo. "Ki bar zancen nan. Takardar nan sai ta bi hannu biyar kafin ta kai Katsina, bakin mutane kuwa ba shi da linzami."

"Yaya, kullum bulala yarinyar nan take sha a makaranta, a kan abin da ba laifinta ba."

Naja'atu ta sake duban takardar. Kwalbar nan mai ɗaci da wani mai talla ke sayar wa masu laulayi ranar kasuwar Batsari, wa ya san abin da ke cikinta? Ita kanta sai da ta shiga makarantar aikin lafiya ta san akwai barasa a ciki. Amma takarda ba ta da gurbin "ba da sani ba". E ne ko a'a.

Ta ɗauki biro ta zaɓi e. Indo ta yi salati.

Saura layi guda: sunan mahaifiya da sa hannunta. Indo ta miƙo babban yatsa za ta dangwala, kamar yadda ta saba tun ranar da aka yaye Mahfuza aka ba ta riƙonta. Naja'atu ta ture hannun a hankali, ta rubuta nata sunan.