Afendis ɗin Shabnam

Allah Ditta ya tsayar da farar bas ɗinsa a ƙofar asibitin kuɗi, ya sungumo 'yarsa Shabnam daga kujerar baya. Kwana biyu tana murƙususu, hannunta dafe da gefen cikinta na dama. Maigadi ya sara masa, ya wangale ƙofa bai tambaye shi komai ba.

Asibitin gwamnati suka fara zuwa. Majinyata biyu-biyu a gado, wari kamar bakin kwata, likitan tiyata kuwa ya sulale tun hantsi. Aka ce su wuce birnin Multan, tafiyar awa huɗu. Yarinyar ba za ta kai ba.

A nan asibitin kuɗin, likita ya danna cikin sau ɗaya, ta ƙwalla ƙara. Ya ce afendis ne, yana dab da fashewa. Rupi dubu ɗari da ashirin a hannu, ko kuma katin lafiya.

Katin lafiya, wai. Gwamnati ce ta raba wa talakawa: ka dangwala yatsa a na'ura, asibiti ya yi maka aiki, ita ta biya. Ni dai ban taɓa ganin ƙazanta irin wadda ake yi da shi a garinmu ba. Dillalai su kwaso ƙauyawa lafiyarsu garau, a kwantar da su wuni ɗaya, a ɗauki hotonsu da ledar ƙarin ruwa, a sallame su da shinkafar biryani da rupi dubu biyu. A takarda kuwa an farke cikin kowannensu. Tir da wannan ci.

Allah Ditta bai nemi kwatance ba, ya zarce taga ta uku, wurin Imtiyaz mai kula da kati. Aka miƙa na'urar, Shabnam ta dangwala yatsa da ƙyar. Imtiyaz ya daɗe yana kallon kwamfuta, yana sosa ƙeya.

"Baffa, ba zai shiga ba."

"Sake gwadawa, ɗana."

"Ko sau ɗari ne. An rubuta an cire mata afendis watanni takwas da suka wuce, a nan asibitin. Gwamnati ba ta biyan afendis biyu a ciki ɗaya."

"Ɗaga rigarta ka duba. Ina tabon?"

"Kwamfuta ba ta duba tabo, Baffa."

Allah Ditta ya ce to a rubuta wani ciwon, tsakuwar ƙoda ko ƙaba, ya jero su har da farashin kowanne. Imtiyaz ya ce masu bincike suna gari tun Litinin, ba mai taɓa alƙalami. Allah Ditta ya haura ofishin mai asibitin, mutumin da ya sha zuba masa shayi da hannunsa. Yau aka ce yana taro.

Ya dawo ya tsaya tsakiyar falo yana zagi. Ɓarayi, mahauta, masu cin naman talaka. Jama'a suka taru suna gyaɗa kai, wata tsohuwa har da hawaye. Ma'aikatan kuwa sai kallon juna suke yi.

Shabnam tana kwance a benci, leɓɓanta sun bushe. Ta jawo gefen rigarsa.

"Abba, wa ya yi mini haka?"

Ya zaro makullin bas ɗin, ya fara kiran masu sayen tsofaffin motoci ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce sai gobe ya zo ya gani.

Imtiyaz ya san amsar tambayar Shabnam. Wata rana, watanni takwas da suka wuce, mai asibiti ya ce ba zai biya dillali ladansa ba sai kai ashirin sun cika. Mutum goma sha tara Allah Ditta ya kwaso a bas ɗinsa, sai ga Shabnam ta kawo masa abincin rana, ya ce, "Zo, 'yata, ɗora yatsanki nan."